Dakan da Muka Ɗauka a Hamdara

Makon jiya na bi ta gaban tsohon gidan sinima na unguwarmu, sai na tarar an cire ƙofar ƙarfen, ana ta shigar da buhunan siminti. Na tsaya na leƙa. Bangon da ake haska fim a kansa yana nan, sai dai an fasa masa taga biyu, buhuna kuma sun kai rabinsa. Mai gadin ya tambaye ni ko siminti nake so. Na ce a'a, kallo kawai nake. Ya ce, "Ai babu abin kallo a nan, Baba." Na ce gaskiyarka, na wuce. Ba zan ce raina ya ɓaci ba. An daɗe da daina nuna komai a wurin, kuma siminti ma abin buƙata ne, garin sai faɗi yake. Sai dai tun daga ranar abubuwa suke ta dawo mini, waɗanda na yi shekaru ban waiwaye su ba, shi ya sa na ɗauko kaye da bik na zauna rubutu.

Jikokina in an tambaye su a lakwal, wato makaranta, aikin kakansu, rasa amsa suke. Ban ga laifinsu ba, don ni ma ban taɓa samun kalma ɗaya da za ta ɗauke shi duka ba. Na rubuta wa mutane wasiƙu, na yi teyatur, wato wasan kwaikwayo, na rubuta wasannin radiyo, na ɗauki bukukuwan aure da suna, na yi finafinai, na rubuta ƙananan littattafai na karatun manya, na juya takardun buro daga Faransanci zuwa Hausa. Wani aikin ya ciyar da ni, wani ni na ciyar da shi. Mahaifiyata har ta rasu in an tambaye ta sai ta ce, "Yana wajen masu hoto." Mahaifina kuwa baduku ne a cikin Birni, haka ma ubansa, kuma bai taɓa gane abin da zai sa mutum ya riƙa tsalle daga wannan aiki zuwa wancan ba. Yakan ce, ba da faɗa ba, kansa a sunkuye kan fata, "Ni in an ce baduku an san ƙofar da za a yi sallama. Kai me za a ce?"

Garin da na tashi a cikinsa da kunne ake saninsa. Bayan sallar asuba sai ka ji tuluna suna karo da juna a lungu, mata da yara sun fita neman ruwa, don ruwa a Zinder bai taɓa zama abin da ake samu a zaune ba. Can sai daka ya tashi. Gida ɗaya ya fara, na kusa ya karɓa, har unguwar duka ta ɗauka, kuma kowace mace da irin saukar taɓaryarta; ina kwance nakan gane wadda ta makara da wadda ta tashi da fushi. Daga zaure kuma ƙarar gudumar Baba kan fata, ƙasa-ƙasa, ba ta gaggawa. Aikina kafin in tafi lakwal shi ne in cika randa, in je wurin majema in ɗauko fatun da aka jeme, warin bagaruwa ya bi rigata har cikin aji, in dawo in goga wa zare kakin zuma. Da la'asar in yanko wa ragon gida ciyawa. In na sami sarari sai in hau duwatsun bayan unguwa in zauna, garin duka yana ƙasa, hayaƙin girki yana tashi gida-gida. Yanzu in na farka injin niƙa nake ji da ƙarar kabu-kabu. Ba na cewa wancan ya fi wannan. Matan da suka huta da taɓarya ba su nemi a maido musu da ita ba.

Akwai gwaggona, yayar Baba, wadda idanunta suka mutu tun kafin a haife ni. A ɗakinta take wuni tana kaɗi, hannunta ya san mazari fiye da masu ido. Ita ce ta fara sa ni ƙirƙirar labari, ba tare da ni ko ita mun san abin da muke yi ba. In na samu na shiga sinima, washegari da hantsi sai ta ce, "Zo ka ba ni abin da ka gani." Finafinan lokacin da harsunan da ba mu ji ake yin su, mu dai muna ganin ana gudu, ana rawa, ana faɗa. Sai in ce, wani mutum ya hau doki ya tafi. Ta ce, "To da zai tafi me ya ce wa uwarsa?" Ni kuwa ban sani ba, watakila ma babu uwa a fim ɗin. Sai in ƙaga. Ta ce, "Ita kuma ta ce me?" In sake ƙagawa. In na faɗi abin da bai kama hankali ba sai ta tsayar da mazarin ta ce, "Wannan kam kai ka faɗa, ba shi ba." Ta fi son maganar mutane a kan faɗan, ni kuma faɗan ya kai ni.

A lakwal an hana mu Hausa, wanda aka ji ya yi ta sai a rataya masa ƙashi a wuya ya wuni da shi. Amma mushen, wato malamin, da ya fi kowa tsanani a kan haka shi ne kuma yake shirya mana teyatur a ƙarshen shekara, kuma shi ya fara ba ni takarda ya ce in rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Ban yi nisa a karatu ba. Da na fita sai na sa tebur a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da gidan waya, ina rubuta wa mutane wasiƙu zuwa ga ƴaƴansu da mazansu da suka tafi cirani. Tsohuwa za ta zauna ta ce, ka ce masa muna lafiya, akuya ta haihu, ya turo takalmi. Ni kuwa sai in ga wannan ya yi kaɗan, in ƙara mata da cewa kewarsa ta hana ta barci, hawayenta ba su bushe ba. In na karanta mata sai ta ce, "To, ai kai ka san takarda." Na ɗauka yabo ne. Da yamma muna teyatur da samarin unguwa a fili, daga nan wani ya ji mu ya kai mu gidan radiyo. A can na koyi yin tsawa da fallen kwano, da tafiyar jaki da ɓawon goruba biyu, na koyi cewa mai sauraro ba ya ganin komai sai abin da ka sa masa a kunne. Mutane suka fara sanin muryata a kasuwa. Kaina ya ɗan kumbura, kamar yadda na kowane saurayi zai yi.

Sai bidiyo ya shigo gari. Ina da aboki da muke kira Dogo, yana aiki a wani buro da ke haƙa rijiyoyi da dashen itatuwa a ƙauyuka, kuma shi aka koya wa riƙe kamarar buron, irin babbar nan da ake ɗorawa a kafaɗa. Mutum ne mara yawan magana, in ya sa ido a kamara sai ka ce numfashi ma ya daina. Da shi muka fara ɗaukar bukukuwa ranar da babu aiki. Muka yi shekara biyu muna ɗaukar amare da ƙwaryar goro, har wata rana na ce masa, "Dogo, mu yi fim." Ya ce, "Rubuta." Na rubuta labari kan samarin da ke barin ƙauye bayan kaka su nufi arewa ta cikin hamada, wasu su dawo, wasu shiru. Na san labarin ta wasiƙun da na rubuta. Tsakiyar fim ɗin, inda komai ya rataya, shi ne wurin da wani matafiyi zai zo ya gaya wa uwa cewa ɗanta na fari ya mutu a hanya. Na yi kwana uku a kan wannan shafin. Na sa uwar ta yar da abin da ke hannunta, ta faɗi ƙasa, ta yi birgima, ta kira sunan ɗan sau bakwai, ta ce duniya ta ƙare mata. Da na karanta wa ƴan teyatur ɗinmu suka tafa.

Shugaban buron ya ara mana kamara na kwana biyu, da batiri biyu, da kaset. Muka zaɓi Hamdara don Dogo ya san mutanenta, sun haƙa rijiya a can. Babu kuran, wato wutar lantarki, a ƙauyen, abin da ke cikin batirin nan biyu shi ne fim ɗinmu. Kuma bakin damina ne, an gama sharar gona, kowa idonsa na gabas. Mai gari ya gaya mana tun da muka sauka cewa in ruwa ya sauka, ko jaki ba za mu samu ya tsaya gaban kamara ba, duk za a fita shuka. Ya ba mu mutanen da za su fito. Da na ce ina neman dattijuwa da za ta zama uwar, kafin ya buɗe baki wata mata daga cikin matan da suka taru ta ce, "Ni zan yi." Doguwa ce, siririya, da tsage irin na Barebari a kumatunta. Mai gari ya ɗan yi jim, ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "To, Iya Fanna ta ce za ta yi." Na ga jim ɗin, amma ban tambaya ba. Hankalina na kan rana da batiri.

Ranar farko muka ɗauki tafiyar samari da bankwana da sauran ƙananan wurare. Rana ta biyu da hantsi muka shiga gidan Iya Fanna. Ta riga ta share tsakar gida, ta fito da turmi, ta zuba gero za ta yi surfe, don na ce uwar tana cikin aiki labarin zai same ta. Mata sun cika katanga. Ta gaishe ni da Barbarci ta ce, "Wushe, mai takarda. Karanta mini in ji."

Na karanta mata, da murya irin ta radiyo. Ta saurara har ƙarshe, hannunta kan taɓarya.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Iya."

"An taɓa yi maka mutuwa?"

"Kakana ya rasu, da gwaggona."

"Ɗa fa?"

"Ban yi aure ba tukuna."

Ta ce, "Ba haka ake yi ba."

Na yi mata bayani cikin haƙuri, irin haƙurin wanda yake ganin ya fi ka sani. Na ce fim daban yake da zaman duniya, sai an nuna wa mai kallo a fili kafin ya ji a jikinsa. Na ce an tafa wa wannan shafin a Zinder. Ta ce, "To, ai kai ka san takarda." Dogo ya ɗora kamara, wanda zai kawo labarin ya yi sallama ya faɗi nasa, Iya Fanna ta yar da taɓarya, ta zube ƙasa, ta yi birgima, ta ƙwala kiran sunan da na rubuta. Matan kan katanga suka fashe da dariya. Wata har da riƙe ciki, tana cewa, "Yau ga uwa na kiran sunan ɗan fari!" Na sani sarai uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, a gidanmu ma haka ne, amma da na zauna rubutu sai na manta da gidanmu, na tuna sinima. Na kori matan, muka sake. Muka sake na uku. Kowanne ya fi na baya muni, tana yin duk abin da na ce daidai, kuma duk wanda ya gani ya san ƙarya ce. Dogo ya sauke kamara ya ce batirin farko ya mutu tun jiya, wannan kuma saura kaɗan. Ya nuna mini gabas da haɓa. Hadari ya fara haɗowa, baƙi, ƙasa-ƙasa.

Na fita ƙofar gida in sha iska. Wata maƙwabciyarta ta biyo ni, ta rage murya ta ce, "Yaro, ba a gaya maka ba ko? Ɗanta na fari a hanyar nan ya tafi. Kamyo, babbar motar da ta kwashe su, ya lalace da su a cikin rairayi. A nan tsakar gidan aka zo aka faɗa mata, tana kan turmin nan." Na ce innalillahi. Ta ce, "Kuma ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da dakanta har ta gama. Mijinta Malam Idi yana tsaye yana gani. Tun ranar, shekara goma sha ke nan, magana tsakaninsu sai ta dole. Ya ce ya san kunyar ɗan fari, amma kunya ba ta kai ranar mutuwa ba, matar da ba ta ajiye taɓarya ba don ɗanta, zuciyarta ba ta mutane ba ce. Yau ma da ya ji abin da za ku yi, tun da safe ya bar gidan."

Na koma ciki. Na durƙusa na ce, "Iya, ki gafarce ni, ban sani ba. Za mu nemi wata."

Ta ce, "Na jiƙa gero. Wa zai surfa mini shi?" Ta karkaɗe ƙasar da ta kama zanenta, ta ɗauki taɓarya. "Ka ce wa dogon nan ya kunna abinsa. Kai kuma ka ajiye takardar."

Na ajiye. Ta fara surfe. Mai kawo labari ya yi sallama, ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce, "Iya, sai haƙuri. Allah ya karɓi abinsa." Taɓaryar ba ta tsaya ba. Ta sauka sau huɗu ko biyar, sannan ta ce, ba ta dube shi ba, "A ina?" Wannan ba ya cikin takarda, mutumin ya diririce, ya ce a hanya, cikin rairayi. Taɓarya ta ci gaba. "An yi masa salla?" Ya ce an yi. "Su nawa?" Ya ce mu uku ne. Ta ce, "To." Can ta ɗaga murya kaɗan, kamar mai magana da wani a ɗaki, "A ba baƙo ruwa, daga nesa yake." Sau ɗaya taɓaryar ta kuskure, ta bugi bakin turmi, gero ya fantsamo ƙasa. Ta gyara riƙo ta ci gaba. Ni ina gefe, ban ga komai ba sai mace tana daka. Na ce a raina fim ya lalace. Dogo kuwa bai motsa ba, na dai ga yatsansa yana murza wani abu a hankali, har jar fitilar kamarar ta ɗauke da kanta. Matan da suka dawo kan katanga babu wadda ta yi dariya. Iskar hadari ta taso ta kwashe tabarma, muka rufe kamara da riga muka ruga zauren mai gari, ruwa ya kece.

Ana cikin ruwan Malam Idi ya shigo zauren a jiƙe, tsoho gajere, da gatari a kafaɗa. Bai zauna ba. Ya ce, "Kai ne mai hoton?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "An ce ka mai da mutuwar ɗana wasa. Za ka kai gari-gari a ga uwarsa tana daka, a ƙara yi da mu. Ban yarda ba. Ka cire." In an cire wurin babu fim, kuma babu batiri, babu kamara gobe, babu mutane sai bayan kaka. Amma ɗansa ne. Mai gari ya sa baki, aka tsaya a kan cewa babu wanda zai ga fim ɗin sai Malam Idi ya fara gani, in ya ce a cire, a cire. Na ba shi hannu a kan haka. Ya ce, "Ba hannunka nake so ba, cikawa nake so." Ya fita cikin ruwa.

Damina duka na yi ina haɗa fim ɗin, abin da muke kira montaj, da bidiyo biyu da tele ɗaya a ɗakin Dogo. A nan na fara ganin abin da ya ɗauka. Tun daga wannan aikin ban ƙara rubuta wa mutum abin da zai faɗa a wurin da ban taɓa tsayawa ba. In zan rubuta makiyayi sai in je in wuni a ruga, in zan rubuta ungozoma sai in sa matata ta kai ni in zauna a ƙofar gida in saurara. Na rubuta wasan radiyo mai tsawo kan manoma da makiyaya, aka yi shekaru ana ji. Na yi finafinai kan rijiya da kurkunu da ƴan mata masu son karatu, wasu buro ya sa ni, wasu ni na sa kaina. Da kaset ya mutu na koma faifai, da faifai ya mutu na koma rubutu, na yi littattafan nan ƙanana da manya ke koyon karatu da su, jimla gajeru, kalmomin da ake ji a kasuwa. Akwai shekarun da babu ko ɗaya, na koma teburin wasiƙa, ina rubuta abin da aka faɗa mini ba ƙari. Ban yi suna ya wuce ƙasar Damagaram ba, ban kuma yi arziki ba. Na dai yi aiki, kuma kowane aiki ya koya mini abin da na kai wa na gaba.

Yaran yanzu da wayar salula suke fim. Su ɗauka da safe, su yanka a tafin hannu, kafin la'asar duniya ta gani. Ba su san fargabar batiri ba, in wuri bai yi ba su sake sau talatin. Wasu suna zuwa wurina in duba musu sinariyo, kuma akwai masu ido a cikinsu, sun fi mu iya haske da sauti nesa ba kusa ba. In na iso wurin mutuwa a rubutunsu, kusan kullum sai in tarar da uwa ta faɗi tana birgima. Ba na cewa su cire. Nakan ce su je su tambayi wata tsohuwa a gidansu. Wasu su je, wasu su ce Baba lokaci ya canza, mai kallo ba ya jira. Watakila gaskiyarsu ne, su suka san masu kallonsu.

Amma ban faɗi yadda muka ƙare da Malam Idi ba. Bayan kaka na ɗauki tele da bidiyo da ɗan injin wuta a bayan motar kasuwa na koma Hamdara. An ɗaure damman gero, rumbuna sun cika. Mai gari ya ba mu ajin lakwal bayan azahar, muka toshe tagogi da tabarmi. Mu huɗu ne kawai: ni, da mai gari, da Malam Idi a kan benci na gaba, da Iya Fanna da ta zauna a ƙasa can gefe kusa da ƙofa, don ta ce ita ma a gabanta za a yanke. Na ce ko in wuce kai tsaye zuwa wurin. Ya ce a'a, daga farko. Ya kalli samari suna ɗaure kaya, ya kalli kamyo yana tashi.

Sai ga tsakar gidansa. Sai ga turmi. Mai labari ya tsuguna ya faɗi nasa. A nan ne Dogo ya jawo hoton a hankali, har katanga ta fita, mai labari ya fita, turmin ma ya fita, babu abin da ya rage a tele sai fuskarta. Ana jin saukar taɓarya, ba a ganinta. Idanunta a buɗe suke, ba ta ƙiftawa, suna kallon wuri ɗaya. Jijiyar wuyanta ta miƙe. Leɓenta na ƙasa yana rawa, ta kama shi da haƙori, ya kuɓuce, ta sake kamawa. Kafin ta ce "A ina?" sai da ta haɗiye wani abu sau biyu. Da ta ce a ba baƙo ruwa, bakinta ya motsa bayan maganar ta ƙare, ba sauti, kamar mai faɗin wata kalma gajera, wadda ni ban sani ba.

Malam Idi ya ce, "Tsaya." Na tsayar. Ya ce, "Maido." Na maido, ya sake kallo, ya matso har gwiwarsa na taɓa tebur. Da aka zo wurin da bakinta ya motsa, sai na ga nasa bakin ya motsa tare, na gane sunan ɗansu ne. Ya daɗe zaune bayan na kashe. Injin wuta yana ta ƙara a waje. Mai gari ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Can tsohon ya juya, ba wurina ba, wurin ƙofa. Ya ce, "Ke. Ranar ma haka kika yi?"

Ta ce, "Ranar ta fi haka."

Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya ce, "Ni a bayanki nake tsaye. Bayanki kawai na gani."

Ta ce, "Ai ba ka zagayo ba, Malam."

Ni dai ina tsaye da wayar wuta a hannu, ban san ko in naɗe ko in bari ba. Daga baya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, a cire?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Bar shi."

Iya Fanna ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce awaki ba su sha ruwa ba tun safe. Ta ɗaga tabarmar ƙofa ta fita. Ya ɗauki sandarsa ya bi ta. Na leƙa ta gefen taga ina kallonsu a kan hanyar da ta ratsa karan gero. Da farko tana gaba yana baya, kamar taku goma tsakaninsu. Wajen rijiya ya ɗaga ƙafa ya cim mata. Na ga ya ce wani abu, na ga ta juyo da kai ta amsa, suka sha kwana tare na daina ganinsu.